Makullin Ɗakin Kwamfuta

Malumfashi,
23 ga Mayu, 1988

Zuwa ga Yaya Ladidi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya kamar yadda ta bar mu. Yaya karatu, yaya sanyin Ingila? Mun yi Sallah lafiya. Inno ta ce in gaishe ki, kuma in tuna miki ke jikar yayarta ce, ba ki da hujjar yin shekara ba ki aiko ko gaisuwa ba. Ƙafarta ta yi sauƙi, har ta koma kan keken ɗinkinta. Ruwa ya sauka, an fara shukar masara.

Wataƙila ba ki tuna ni sosai ba. Ni ce Shafa'atu, wadda ta ɓuya a bayan ƙofa ranar da kika zo yi wa Inno bankwana. Har yau ban canza ba, magana da baki tana yi mini wuya, shi ya sa na ji daɗi da wannan a takarda ce.

Kawu Maitama ya sayo kwamfuta saboda makarantarsa ta koyon tafireta. Ta hannu ce, daga Kano aka kawo ta, an lulluɓe ta da bargo kamar mara lafiya. Ya ware mata ɗaki, ya sa labule, ya sa kwaɗo. Ya ce bayan Babbar Sallah zai buɗe ajin kwamfuta, kuma mutum ɗaya ne zai riƙe makullin ɗakin, shi ne zai koyar.

Yaya, ina son makullin nan. Ban taɓa buɗe baki na ce ina son wani abu ba, sai yanzu, kuma ke kaɗai na gaya wa. Tun da na gama sakandare aikina a makarantar shi ne goge tafireta da nuna wa sababbi inda za su ɗora yatsu. In na leƙa ta taga na ga na'urar nan a rufe, sai in ji kamar jira take a yi mata magana.

Matsalar ita ce ba komai a cikinta. In an kunna sai ta yi ƙara, ta rubuta layi ɗaya, ta tsaya. Mista Romanus, abokin Kawu mai shagon kayan lantarki a Funtua, ya ce sai an zuba mata tsarin da zai tuƙa ta. Yana da wani mai suna DOS, kuma 'yarsa Gertrude ta iya shi. Gertrude aminiyata ce, a garin nan aka haife ta, benci ɗaya muka zauna a makaranta. Da ita muke musayar littattafan soyayya, har muna da doka: abin da ɗaya ta samu, dole ɗayar ma ta karanta. To amma makulli ɗaya ne.

Kawu ya ce, "Ke da kike da 'yar'uwa mai karatun abin nan a Turai, tambaye ta mana. In akwai wanda ya fi na Romanus, kuma kin iya shi, sai mu gani." Don Allah, akwai?

Ƙanwarki,
Shafa'atu

Manchester,
12 ga Yuni, 1988

Shafa ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Na tuna ki, mai jan kallabi, idonki kaɗai na gani ta tsagar ƙofa. Lafiyata lau, sai aiki da ya yi mini yawa. Ki ce wa Inno na amsa laifina, ga turare na haɗo mata.

Na ba wani ɗan gida da ke nan, Malam Hussaini, wannan ƙunshi ya riƙo da hannu, tunda zai dawo Funtua. Ba na son gidan waya ya lanƙwasa abin da ke ciki.

Ga gaskiyar magana. DOS da Mista Romanus ya ce, shi ne ake amfani da shi a ofisoshi, yana da kayan buga wasiƙa masu kyau. Ba ƙarya ya yi ba. Akwai kuma dangin wani tsari da ake kira Unix, irin wanda muke aiki da shi a jami'a. Manyan cikinsu na kamfanoni ne, sun fi ƙarfin na'urar Kawu, kuma a rufe suke, ba a ganin yadda aka gina su. Amma akwai ƙarami mai suna Minix, an yi shi don koyarwa. Shi ne na aiko miki. Bai da ado, bai da kayan ofis da yawa. Abin da yake da shi shi ne an ba ki shi tare da rubutun da aka gina shi da shi, ki karanta, ki gane, ki canza in kin iya. Kuma yana ɗaukar mutum fiye da ɗaya, kowa da sunansa da kalmarsa ta sirri. Daga faifai yake tashi, ba sai kin taɓa cikin na'urar ba. Na rubuta miki yadda za ki yi a takardu na dabam.

Fayafayan ba su son rana, ba su son ruwa, ba su son a lanƙwasa su. Ki adana su wuri mai kyau. Ki nemi sababbi ki kwafa kafin komai.

Wanne ya fi? Ba zan zaɓa miki ba. Zaɓi naki ne.

Yayarki,
Ladidi

Malumfashi,
4 ga Yuli, 1988

Yaya Ladidi,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri. Inno ta shafa turaren ta ce ta yafe rabin laifin. Duk muna lafiya, sai Kawu da ke fama da mura. Auduga ta fito da kyau a gonarsa ta hanyar Dayi.

Na karanta ƙarshen takardarki har na gaji. "Zaɓi naki ne." Haka ake cewa a littafi in mutum ya gaji da kai yana so ya tafi. In na dame ki ne ki yi haƙuri, ba zan yawaita ba.

Amma bari in ba ki labari. Kawu ya bar ni na shiga ɗakin da yamma. Na sa faifai na farko, na sa na biyu, na danna alamar nan mai layi biyu yadda kika rubuta. Yaya, na'urar ta tambaye ni sunana! Na daɗe ina kallon gilashin ban iya buga komai ba. Daga baya na buɗe rubutun cikin Minix ɗin. Yawancinsa ban gane ba, amma a tsakanin layukan akwai bayani da Turanci, wanda ya rubuta yana cewa nan ga abin da nake yi, nan ga dalili. Ban taɓa ganin abin da ya buɗe cikinsa haka ba. Kada ki yi mini dariya: DOS ya yi mini kama da saurayin nan na littafi mai mota, kowa na sonsa, ba wadda ta san abin da ke ransa. Minix kuwa malamin ƙauye ne mai keke, rigarsa ɗaya, amma ba ya ɓoye miki komai. Ni kullum na biyun nake so jarumar ta aura. Na zaɓa.

Yanzu ga abin da ya ɓata mini rai. Gertrude ta same ni a ɗakin, ta ga fayafayan, ta miƙo hannu ta ce, "Doka, Shafa." Na ce wannan ba littafi ba ne. Ta ce, "Ana karanta shi ko ba a karantawa?" Sai na ba ta. Ta tafi da su ranar Juma'a ta dawo da su Litinin, na gwada, lafiyarsu lau.

Washegari ina bayan labule na ji Mista Romanus yana ce wa Kawu, "Alhaji, na duba abin da yarinyar ta samo. Abu ne mai kyau ga 'yan jami'a. Amma wanda zai je neman aikin sakatare a Katsina ba da shi za a gwada shi ba." Ya duba! Ashe shagon babanta ta kai su, su leƙa abin da nake da shi su san yadda za su kayar da ni. Tun ranar ban yi mata magana ba. Littafinta da ke wurina a kan tagarsu na ajiye na juyo.

Kawu ya kira ni ya tambaya. Na ce ni dai Minix. Ya dube ni kamar yau ya fara jin muryata, ya ce to, ranar Alhamis ta bayan Sallah kowacce ta nuna nata a gaban mutane. Ya kulle ɗakin, ya ce ba mai shiga sai ranar.

Ban kwafa ba. Ba inda ake sayar da sabon faifai sai shagon Mista Romanus, ni kuwa ba zan taka can ba. Amma kada ki damu, na samo musu wurin da ba rana, ba ruwa, ba mai taɓawa. Kin tuna babban gwangwanin ɗinkin Inno, wanda ko Kawu ba ya iya buɗewa ba da izininta ba? Suna can ƙasa, na naɗe su da ƙyalle, na ɗora musu baƙin mayen ƙarfen nan na tsohuwar rediyo da take tara allurai a jikinsa, don ya danne su kada su lanƙwashe.

Ki yi mini addu'a.

Shafa'atu

Manchester,
19 ga Yuli, 1988

Shafa,

Gaisuwa a gurguje, ki gaida Inno da Kawu. Ki ajiye takardar nan yanzu, ki je ki fitar da fayafayan daga gwangwanin, sannan ki dawo ki ƙarasa karantawa.

Rubutun da ke kan faifai da ƙarfin mayen ƙarfe ake yin sa, kuma mayen ƙarfe ne yake share shi. Wanda Inno take tara allurai da shi ya isa ya goge su. A ido ba za ki ga komai ba, za su yi kama da lafiyayyu. Laifina ne, na lissafa miki rana da ruwa na manta da wannan, don a nan ba wanda ke ajiye irinsa a ɗaki. Na manta da telolin gida. In sun lalace, kada ki tsaya a gaban mutane da su. Ki gaya wa Kawu ya ɗaga ranar.

Maganar "zaɓi naki ne" kuwa, haba Shafa. Na faɗa ne don na ga kina da kan da za ki zaɓa. Da na gaji da ke da ban zauna na cika takardu da hannuna ba. Ki rage karanta ni kamar littafi.

Sai Gertrude. Ban san ta ba, amma ki tambaye ta kafin ki yanke mata hukunci. Abin da babanta ya gaya wa Kawu shi ne abin da ni ma na rubuta miki. Kuma wanda yake da shagon kayan lantarki, aka kawo masa fayafayai, abu na farko da hannunsa zai yi shi ne kwafa. Ki je ki tambaya.

Allah ya sa wannan ta riga ranar.

Ladidi

Malumfashi,
29 ga Yuli, 1988

Yaya Ladidi,

Assalamu alaikum. An yi Sallah lafiya, kowa lafiya. Ban sami amsarki ba. Kullum sai na tambayi Kawu ko ya duba akwatin gidan waya, har ya ce in ƙyale shi.

Jiya aka yi. Zan faɗa miki yadda ya faru sau ɗaya, ba zan sake ba.

Ɗakin ya cika. Kawu da abokansa biyu a kan kujeru, ɗalibai a tsaye har bakin ƙofa. Gertrude ce ta fara. Babanta ya zo da na'urar buga takarda, ta rubuta wasiƙar neman aiki, ta goge kuskure ba tare da ta ɓata takarda ba, na'urar ta fitar da ita tsaf. Aka yi ta salati. Wani abokin Kawu ya ɗaga takardar yana duba bayanta.

Sai ni. Na warware ƙyallen, na sa faifai na farko, na kunna. Na'urar ta yi gurnani, ta yi shiru, ta sake gurnani. Gilashin bai nuna komai ba. Na kashe na sake. Na cire na hura na mayar. Wani daga baya ya ce, "Na Ingilan bai jin Hausa ne, a yi masa Turanci." Aka yi dariya.

Mista Romanus ya matso ya karɓa, ya ɗaga shi wajen haske, ya gwada wani, ya gwada wani. Ya ce a hankali, "'Yata, a ina kika ajiye su?"

Na ce, "Inda ba mai ɗauka ya kai shago."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Gertrude ta taso ta ce, "Shafa, tsaya, akwai..." Na ce, "Riƙe tausayinki." Na kwashe fayafayan na fita. Ina bakin ƙofa na ji Kawu yana ba Mista Romanus haƙuri, yana cewa yarinta ce. Da yamma ya miƙa wa Gertrude makullin. A gida bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Rashin tashin na'ura ba abin kunya ba ne. Abin da kika faɗa wa baban ƙawarki shi ne abin kunya."

Ban gane ba, Yaya. Sun yi aiki bayan ta dawo da su, da idona na gani. Ba rana, ba ruwa, ba lanƙwasa, duk abin da kika ce na yi. Ko dai dama irin waɗanda ke mutuwa da kansu ne kika aiko mini? Ko kin san haka zai faru shi ya sa kika ce zaɓi nawa ne, don kada a ce ke ce? Shirunki ma amsa ce. Na koma goge tafireta. Ta bango ina jin ƙarar maɓallanta.

Shafa'atu

Malumfashi,
12 ga Agusta, 1988

Yayata Ladidi,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Mu ma lafiya, ruwa ya yi yawa har katangar bayan gida ta zube, amma ba wanda ya ji ciwo. In takardata ta ƙarshen Yuli ta iso, don girman Allah ki yaga ta. Taki ta iso ranar Litinin, ta sha hanya har kan sarkin ya kusa ɓallewa.

Na karanta layin farko na ruga ɗakin Inno kamar akwai sauran abin da zan ceto. Na buɗe gwangwanin na tsaya ina kallon baƙin ƙarfen nan da alluransa a tsaye. Ni da hannuna na ɗora shi, har ina jin daɗin dabarata. Inno ta ce, "Me ya yi miki kike hararar sa? Shekarunsa sun fi naki, bai taɓa ɓatar mini da allura ba." Na yi mata bayani. Ta ce to ai aikinsa ya yi, ya ga abu ya jawo.

Zuwa gidan su Gertrude ya fi tsayawa gaban mutane wuya. Na kai ƙofar na juyo, na sake komawa. Babanta na fara samu yana wanke babur. Na durƙusa na gaishe shi, na ce na zo ba da haƙuri. Ya ce, "Tashi, 'yata. Mayen ƙarfe ne ko? Na yi zargin haka. Rabin telolin Funtua daga shagona suke roƙon irinsa." Ya ƙwala wa Gertrude kira.

Ta fito tana tsane hannu, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "A'a, gimbiya ce da kanta? Yau ba ta taga za a ajiye saƙon ba?" Na ce ta yi haƙuri. Ta ce, "Faɗi da ƙarfi, kunnena ya toshe tun ranar Alhamis ɗin nan." Na faɗa da ƙarfi. Ta shiga ɗaki ta fito da kwalin takalmi. Yaya, kwafin fayafayan nan duk suna ciki, kowanne da lambarsa da rubutun hannunta.

Ta ce, "Ke kika nuna mini takardar yayarki da ta ce a kwafa. Na san ba ki da sababbi, na kuma san za ki mutu ba ki roƙa ba. Na ce in kawo miki ranar Sallah ki yi mamaki, sai kika daina gaishe ni. Ni ma na yi zuciya. Ranar gwajin suna cikin jakata, a ƙarƙashin benci, kina hura mataccen faifai."

Suna cikin jakarta. Da na bar ta ta ƙarasa maganarta da na'urar ta tashi a gaban kowa. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa.

Na gaya wa Kawu komai. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ya ji, amma ya ba da makulli a gaban mutane, ba zai karɓe ba, kuma ɗalibansa abin da za su sami aiki da shi suke nema. Ban yi musu ba. Gaskiyarsa ce, ke ma kin faɗa tun farko. Gertrude ce malama.

Amma jiya bayan azahar, da ɗalibanta suka watse, ina goge tafireta ta zo ta tsaya a kaina, ta jefo makullin a cinyata. Na ce Kawu ya ce mutum ɗaya. Ta ce, "Na tambaye shi. Ya ce makullina ne, wanda na ara wa ruwana. Doka, Shafa. Aro ne, ki dawo da shi kafin magariba, kuma kada ki naɗe mini shafi."

Na sa na farko, na sa na biyu, na danna alamar. Na'urar ta tambaye ni sunana. Wannan karon ban tsaya kallo ba. Na buɗe wa Gertrude nata sunan ita ma, ta sa kalmar sirrinta ta ƙi gaya mini, wai doka ba ta kai nan ba. DOS yana cikin na'urar da safe, malamina mai keke yana zuwa da yamma a kwalin takalmi. Har yanzu shi na zaɓa. Akwai wani wuri a rubutun, inda yake karɓar abin da aka danna, na kusa gane shi, na kwafo layukan a bayan takardar nan ki duba mini.

Mun sake kwafa. Kashi ɗaya yana Funtua, ɗaya gidan su Gertrude, ɗaya a akwatin littattafaina, nesa da ɗakin Inno. Matattun kuwa, Mista Romanus ya ce ana iya sake rubutu a kansu, amma Inno ta riga ta ɗauki ɗaya tana rufe kofin kununta da shi. Ta ce tunda ƙarfenta ne ya kashe, ita ke da gawa.

Ana kiran la'asar, kuma yau ma makullin na aro ne. Bari in tafi.

Ƙanwarki,
Shafa